Dangwalen Shanun Dakta Majina

Ni na sa mata sunan, kuma har yau ban ba ta haƙuri a kai ba. A makon da na fara aiki a cibiyar binciken dabbobi, shekara goma sha huɗu ke nan, na hango ta ta dawo daga garke ɗauke da kwandon kwalabe, kowace kwalba da tsinken auduga jiƙe da majinar saniya. Ni ce mai wanke kwalaben ɗakin gwaji, saboda haka duk wata ƙazanta a hannuna take ƙarewa. Na ce wa mai shara, a hankali a zatona, "Ga Dakta Majina nan tafe." Ashe ta ji. Ta dire kwandon a gabana ta ce, "Sunan ya yi. Ki wanke waɗannan sau uku, na ƙarshe da tataccen ruwa." Tun daga ranar har Darakta haka yake kiranta in ba ta kusa. Ni a gabanta Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ƙanwata, in na ɓata mata rai ta koma Mai Kwalabe.

Gajeriya ce, tabarau ɗinta rataye da igiya a wuya, takalmin robanta ya fi ƙafarta girma da lamba biyu don ba a samun daidai ita a sito. Kullum akwai fensir soke a gefen ɗankwalinta. Ba ta rubutu da biro a kan kwalba, ta ce tawada tana narkewa in ta shiga firiza ta fito. Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai sanyi, shi ke kawo ta da safe a tsohuwar motarsu wadda ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta ciki. 'Ya'yansu biyu, babbar ta yi aure, ƙaramin ya ƙi jinin duk wani abu mai ƙafa huɗu.

Sai da na yi shekara biyu ina wanke mata kwalabe kafin na tambaye ta abin da take nema a hancin shanu. Muna shan shayi a ɗan lungun da ke bayan firiza, ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke kama 'yan maruƙa, su yi ta tari da zazzaɓi, numfashi ya gagare su. Tana 'yar shekara tara mahaifinta ya yi asarar maruƙa bakwai a wata guda, ita ce kuma take kai musu ruwa. Ana yin allurar rigakafi, amma bayan wani lokaci sai jiki ya yi kamar bai taɓa jin labarin cutar ba.

"Jiki yana da masu gadi, Ƙanwata," in ji ta. "In suka taɓa ganin ɓarawo, wasunsu suna riƙe kamanninsa. Tambayata ita ce, har yaushe suke riƙewa, kuma a wace ƙofa suke zama? Cutar nan ta hanci take shiga. Mu kuma a wuya muke soka allura. Ni a ganina, in aka fesa maganin a hanci, masu gadin za su zauna a bakin ƙofar, su daɗe ba su manta ba."

Na ce, "To ki faɗa wa duniya mana."

Ta ce, "A ganina na ce. Ba a buga a ganina a takarda."

Ta yi shekaru tana neman izini, har aka ba ta 'yan maruƙa ashirin da huɗu. Sha biyu za a yi musu allura, sha biyu a fesa musu a hanci, a bi su shekara biyar cur ana ɗibar jini da majina duk bayan wata uku. Dukansu farare ne, jinsi ɗaya, an ƙone musu tsiron ƙaho tun suna jarirai don kada su soki juna. In ka tsaya a bakin shinge sai ka rantse saniya ɗaya ce aka maimaita. Abin da ya bambanta su shi ne lambar roba da aka maƙala wa kowace a kunne, wadda muke kira ɗan kunne. Wace lamba ce ta sha allura, wace ce ta sha feshi, wannan yana cikin wani jan littafi a kulle a durowarta. Ko Baban Garke, dattijon da ke kiwon su, ba ta gaya masa ba, don kada ya fifita wasu a wajen dusa.

Ranar da aka sa musu 'yan kunne ne ta zo da wani sabon salo. Ta aro akwatin tawadar tambari daga ofishin magatakarda, ta yanka kwali ashirin da huɗu, ta ce kowane maraƙi sai ya yi dangwale. Wai fatar nan baƙa mai laima da ke tsakanin hancin saniya da leɓenta tana da zane irin na yatsan mutum, ba biyu da suke iri ɗaya, kuma ba ya canzawa har tsufa, sai dai ya ƙara faɗi. A goge wurin ya bushe, a shafa tawada, a danna kwali, a rubuta lamba da fensir.

Ma'aikata suka taru a shinge suna dariya. Direba ya ce a tambayi maruƙan wa za su zaɓa. Wani ya ce a yi musu katin shaida gaba ɗaya. Ni ban yi dariya ba, don ni aka ce in riƙe kawunansu. Aikina wanke kwalba ne, ba kokawa da dabba ba, kuma na faɗa mata hakan da babbar murya. Ta ce, "Na ji. Riƙe." A kan lamba tara wata 'yar banza ta fizge ta zuba mini harbi a wuyan hannu, kwalin ya goge a hancinta. Na ci gaba da hannu a kumbure ina ƙunƙuni, a kan lamba sha shida kan ya sake suɓuce mini. Yaya ta duba kwalayen biyu ta ce a sake. Na ce wallahi ba zan sake ba, rana ta take, hannuna yana zogi, ai ga lambobi nan a kunnuwansu, wannan wasan yara na mene ne? Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi hannuna, ta ce to a bari. Ta zuba kwalayen a gwangwanin biskit ta ɗora a saman kabad, muka manta da su.

Shekara biyar ba wasa ba ce a ɗakin gwaji. Darakta biyu suka zo suka tafi. Abokan karatunta suka zama farfesoshi, wasu suka koma manyan ofisoshi masu sanyi, ita tana nan tana bin shanu da tsinken auduga. Sau biyu aka yi mata tayin aikin da ba kashin shanu a cikinsa, ta ce tana da alkawari da mata ashirin da huɗu. Ranar da firiza ya fara wani irin gurnani da tsakar rana, da hannunta ta kwashe kwalabe ɗari uku zuwa na ɗakin maƙwabta, yatsunta suka yi fari fat don sanyi. Mijinta ya taɓa ce mini, yana jiranta a mota, ya san ranar haihuwar kowace saniya amma tasa sai ya tuna mata.

Saura mako biyu a ɗebi jinin ƙarshe, wanda shi ne zai ba da amsa, babbar 'yarta ta haihu. Haihuwar ta zo da wahala, Yaya ta ɗauki hutun kwana huɗu, na farko da na taɓa gani ta ɗauka. A cikin kwanakin nan huɗu aka zo da umarni cewa duk dabbobin cibiyar a canza musu 'yan kunne zuwa sababbi waɗanda na'ura ke karantawa. Masu aikin suka shiga garke da almakashi, suka yanke tsofaffin suka zuba a bokiti, suka maƙala sababbi. Mai sito ya ɗauka na'urar tana rubuta tsohuwar lamba kusa da sabuwa. Mai na'ura ya ɗauka mai sito yana rubutawa. Ba wanda ya rubuta komai.

Ni na fara gani, na kuma zazzaga musu abin da ba zan maimaita a nan ba. Da Yaya ta dawo da safe, da hoton jikarta a waya tana shirin nuna mini, sai na kai ta garke kawai. Ta tsaya ta dubi farare ashirin da huɗu suna tuƙa, kowace da sabuwar lamba mai tsawo da ba ta cikin jan littafi. Ta dubi bokitin. Ta zauna a bakin kwamin ruwa ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ta tambayi Baban Garke ko zai iya tuna wace ce wace. Ya ce, "Dakta, kowace na san ta, na san uwarta, na san wadda ke cin rabon 'yar'uwarta. Amma ni da suna na san su. Lamba taku ce." Gaskiya ya faɗa. Mu kunne muke kallo, shi fuska yake kallo, shekara biyar ba wanda ya yi tunanin haɗa biyun. Jinin shekarun baya kuwa duk ya ƙare a gwaje-gwaje, abin da ya rage lambobi ne a takarda. In ba a san wace ce ta sha feshi ba, duk abin da jinin ƙarshe zai nuna ba shi da amfani ga kowa. Shekararta hamsin da huɗu, a sittin ake ritaya.

Ta miƙe ta mayar da tabarau ta ce, "Ƙanwata, ɗauko mini gwangwanin biskit."

Riƙe kan maraƙi daban, riƙe kan saniyar da ta ninka ki nauyi sau shida daban. Muka riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya cikin matsattsen shingen ƙarfe, Baba yana yi musu magana a kunne, ni ina goge hanci da tsumma, ita tana danna kwali kafin wurin ya sake jiƙewa. Saniya ba ta haƙura da bushewar hanci, kina gogewa harshe yana biyo bayan hannunki. Mun yi kwana uku a kan haka, tawada har a goshina. Wannan karon ba wanda ya zo shinge yin dariya, direban ma da kansa ya kawo mana ƙarin tsummoki.

Daga nan ta shimfiɗa tsofaffin kwalaye a kan dogon teburin da ke kusa da taga, sababbi a ƙasansu, ta ɗauki gilashin ƙara girma. Tana ƙirga ƙananan tsibirai da layukan da suka raba su, tana zana su da fensir a takarda. In ta haɗa biyu ba ta yarda da idonta, sai ta rufe lambobin ta kira ni in haɗa da kaina, sannan ta kira wata mai duba jini daga ɗakin maƙwabta ita ma ta haɗa. Sai mu ukun mun faɗi abu ɗaya take rubutawa. Kwana goma sha ɗaya muka yi, idona har ruwa yake yi. A tsakanin nan aka ɗebi jinin ƙarshe da sababbin lambobi aka sa a gwaji.

Ashirin da biyu suka haɗu tsaf. Saura kwali biyu, lamba tara da lamba sha shida, duk a goge, baƙin tabo kawai kamar an taka su da takalmi. Saura shanu biyu, wadda Baba ke kira Shu'uma da wadda yake kira Lami-Lafiya. Yaya ta buɗe jan littafi. Lamba tara feshi ta sha, lamba sha shida allura. Ni kuwa na san hannun wa ya goge kwalayen nan.

Sakamako ya fito, mai lissafin cibiyar ya zo da takardunsa ofishin Darakta, aka kira mu har da Baba. Ya ce masu feshi sun fi masu allura riƙe kamannin cutar, ana gani da ido, amma da shanu ashirin da biyu bambancin bai kai layin da masana ke yarda da shi ba, kaɗan ya rage. A cikin biyun da suka saura kuwa, jinin Shu'uma ya fi na kowa ƙarfi a garken, na Lami-Lafiya ya kusa mantawa gaba ɗaya. In Shu'uma ce lamba tara, an haye layin, magana ta ƙare.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ai ita ce. Wadda ta harbi yarinyar nan a hannu ranar tawada, Shu'uma ce. Har gobe harbi take yi."

Na cafe da sauri na ce nima na tuna, lamba tara ce ta harbe ni, kuma idonta irin na Shu'uma ne. Darakta ya yi murmushi ya ce to ga shaidu biyu, ga jini ya goyi bayansu, a rubuta a wuce wurin. Na ji daɗi har cikin raina, na ce Allah ya rufa mini asiri.

Yaya ta juya ga dattijon ta ce, "Baba, don Allah, a ranar nan maruƙa nawa suka yi harbi?"

Ya shafa gemu. Mutum ne da ba ya ƙarya ko a kan akuya. Ya ce, "To, Dakta, maraƙi in aka kama masa kai ai sai ya yi. Sun fi rabi."

"Lami-Lafiya fa, tana ƙarama?"

"Ita ma ta yi rashin ji kafin ta haihu. Haihuwa ce ta kwantar da ita."

Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, da a ce jinin Lami-Lafiya ne ya fi ƙarfi, idon wa za ki tuna?"

Haushi ya turnuƙe ni, na ce, "Yaya, ke ma kin san ita ce. Shekara biyar kina cewa feshi ya fi, ga shi ya nuna, sai ki tsaya kina yi wa kanki baƙin ciki a kan tabon tawada?"

Ta ce, "Ina jin ita ce. Ina so ta zama ita ce, fiye da yadda kike so. Shi ya sa ba zan yarda da kaina ba. In na rubuta, wani zai karanta ya daina yi wa maruƙansa allura ya koma feshi saboda maganata. Mutumin nan bai san an yi harbi ba, bai san kwali ya goge ba."

Ta zare fensir daga ɗankwali, ta ja layi a kan sunayen biyu a takardar mai lissafi. Darakta ya ce ta yi tunani, wannan takardar ce za ta kai ta kujerar farfesa kafin ta sauka. Ta ce ta yi tunanin kwana goma sha ɗaya a bakin taga. Abin da ta buga daga baya gajere ne. Ya ce akwai alama mai kyau, ba a tabbatar ba, an cire dabbobi biyu saboda an kasa tantance su, ana buƙatar a sake da garke mafi yawa. Ba ta ambaci mai sito ba, ba ta ambaci hannun kowa ba.

Na yi mako guda ina wanke kwalabe ba na ɗaga kai in ta shigo. A rana ta takwas na tare ta a lungun firiza na ce, "Yaya, ni na ɓata miki. Kin ce a sake, na ƙi." Na ɗauka za ta ce ba komai, irin yadda ake faɗa. Ta kurɓi shayinta ta ce, "Kin ƙi, ni kuma na bari. Ni ce mai binciken, ni ya kamata in dage. Laifin rabi-rabi ne, kuma ba ni da lokacin zama a kansa. Kin ga takardar neman izini a kan teburina? Kai wa magatakarda kafin ya tashi."

Wata huɗu ta yi tana zarya tsakanin ofisoshi da takalminta mai girma. Mijinta ya zauna ya yi mata lissafi a bayan ambulan, ya ce in aka fara a watan gobe, za a ɗebi jinin ƙarshe saura wata biyu ta yi ritaya, in firiza bai mutu ba, in ba a canza Darakta ba, in gwiwarta ta yarda. Ta ce wata biyu ai lokaci ne mai yawa. Ya ninke ambulan ɗin ya ce zai sa a gyara ƙofar motar.

Aka ba ta maruƙa arba'in. Ranar sa 'yan kunne na riga kowa zuwa garke, da tsummoki, da sabon akwatin tawada, da kwali ɗari da ashirin da na yanka da hannuna, uku ga kowane kai. Na kuma kawo littafi na zaunar da Baba, duk maraƙin da ya raɗa wa suna in rubuta sunan kusa da lambarsa. Yaya ta iso ta ga tulin kwalayen ta ce biyu ma sun isa. Na ce uku za a yi, in ba haka ba ta nemi wata mai riƙe kai.

Rana ta take muna kan lamba talatin da ɗaya, wata 'yar fitina ta zuba mini harbi a hannun nan dai na da. Kwali na uku ya ɗan goge a gefe, biyun farko kuwa sun fita raɗau. Yaya ta ɗaga shi ta duba, ta dubi hannuna yana kumbura, ta ce, "Wannan zai yi, Ƙanwata. Je ki sa ƙanƙara."

Na naɗe hannun da tsumma, na sake rungumo kan maraƙin na matse shi a ƙirjina, na ce, "Goge mata hanci, Yaya. A sake."